Zaman Jamus: jagorar ladabi ga sabon zuwa, daga gidan haya zuwa cikin 'yan'uwa

Bahaushe ba ya zuwa Jamus da niyyar yi wa kowa rashin mutunci. An tarbiyyantar da shi a kan gaisuwa, da kunya, da girmama na gaba, da karɓar baƙo ko da tsakar dare. Amma sai ka ga mutumin kirki, wanda a unguwarsu da shi ake misali, bai cika wata uku a Hamburg ko Kolon ba an manna masa takarda a ƙofa, maƙwabciya ta daina amsa gaisuwarsa, mai gida ya aiko da wasiƙar gargaɗi. Shi kuwa ya rasa laifinsa, sai ya yanke cewa launin fatarsa ne. Wani lokaci hakan ne, kuma zan zo kansa. Sau da yawa kuma abin da ya faru shi ne ma'aunin ladabi ya bambanta. A gida ana gane mai mutunci da yawan abin da yake bayarwa: lokacinsa, abincinsa, ɗakinsa. A nan ana gane shi da abin da bai ɗauka ba sai da izini: barcin maƙwabci, lokacin likita, sararin wanda ke zaune kusa da shi a jirgin ƙasa. Wanda ya riƙe wannan zai iya hasashen sauran da kansa. Ga yadda nake ba sabon zuwa shawara ya bi, mataki bayan mataki.

Mataki na ɗaya: makonni biyun farko

Kafin komai, sa sunanka a jikin akwatin wasiƙa da maɓallin ƙararrawar ƙofa. Yawancin gidajen haya ba su da lambar ɗaki, da suna ma'aikacin gidan waya ke nemanka, kuma hukumomin Jamus da wasiƙar takarda suke magana. Doka ta ba ka kwana 14 ka yi rajistar adireshinka a ofishin gari, abin da suke kira Anmeldung, kuma tun 2015 sai ka je da takardar shaida daga wanda ya ba ka wurin zama.

Daga nan nemi dokokin gidan, Hausordnung. Ko dai suna manne a bango kusa da ƙofar shiga, ko suna haɗe da yarjejeniyar haya da ka sa wa hannu. In Jamusancinka bai kai ba, zaunar da wani ya karanta maka su layi-layi. A ciki za ka ga lokutan shiru, da inda ake ajiye keke, da wanda zai share matattakalar bene. A yankin Stuttgart sharar mako-mako al'ada ce mai ƙarfi, Kehrwoche, allo ne ake ratayawa a ƙofar wanda layi ya zo kansa, kuma duk gidan na kallon ko ya yi.

Sannan ka ƙwanƙwasa wa na kusa da kai, musamman wanda ke ƙasanka, don shi zai riƙa jin tafiyarka. Da rana za ka je, ka tsaya a bakin ƙofa, ka faɗi sunanka, ka ce kai ne sabon maƙwabci, in wani abu ya dame shi ya faɗa maka kai tsaye. Minti biyu sun isa. Kada ka jira a ce ka shigo, kada ka tambayi iyali da aiki da gajiya. Ba a yi maka tayi ba, kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Wannan 'yar gajeriyar ziyara tana da amfani fiye da yadda ake zato, domin ranar da yaronka ya yi ta tsalle, wanda ya san fuskarka zai zo ya yi maka magana, wanda bai sani ba kuwa mai gida zai rubuta wa.

Mataki na biyu: koyi shiru

Nan ne aka fi samun ɓaraka, don haka zan daɗe a kansa. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne a hukumance. Ranar Lahadi da ranakun hutu kuwa yinin ne gaba ɗaya, kuma tsarin mulkin ƙasar ma ya kare Lahadi a matsayin ranar hutawa, da wani sashe da aka gado daga tsohon kundin tsarin mulkin Jamus na 1919, wanda ake kira kundin Weimar. Shi ya sa manyan kantuna ke rufe, sai na tashoshin jirgi da gidajen mai da wasu masu burodi. Wasu gidajen suna ƙara shirun tsakar rana, galibi daga 1 zuwa 3.

Me ake nufi da shiru? Abin da kake yi kada ya fita daga ɗakinka. Ba huda bango, ba jan kujeru, ba kiɗa ko wa'azi da lasifika a buɗe, kuma a gidaje da yawa ba injin wanki da dare. Mu kuwa dare ne lokacin hirarmu. Mutum ya dawo aiki a gajiye, ya kira Kano ko Damagaram ta WhatsApp, ya sa a bayyane, hanyar sadarwa ba ta da kyau, sai ya ɗaga murya don tsohuwarsa ta ji, a tsaye a baranda, ƙarfe goma sha ɗaya. A wurinsa zumunci yake yi, kuma zumuncin ne. Amma bangon tsofaffin gidaje ba ya riƙe murya, kuma wadda ke can gefe wataƙila ma'aikaciyar jinya ce da za ta tashi ƙarfe biyar. Maganin mai sauƙi ne: abin saƙalawa a kunne, taga a rufe, kira mai tsawo a bar shi zuwa yamma ko Asabar.

Azumi yana buƙatar shiri na musamman. In ya faɗo a lokacin zafi, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi ko goma a arewacin ƙasar, sahur kuma yana kamawa cikin tsakiyar dare. Yi markaɗe da daka da rana. Turmi da injin markaɗe da ƙarfe uku na dare suna ratsa bene biyu. In 'yan'uwa za su taru shan ruwa a wurinka, sallamar bankwana a cikin ɗaki za a gama ta. Mun saba rakiya da ƙarasa hira a bakin ƙofa da kan matattakala, wurin kuwa yana amsa kuwwa har saman gida.

In za ka yi suna ko walima, rubuta 'yar takarda kwana biyu ko uku kafin ranar, ka manna a ƙasa inda kowa ke wucewa: ranar kaza muna da baƙi saboda haihuwa, muna neman afuwa in an ɗan ji hayaniya, ga lambar wayata. Jamusawa da kansu haka suke yi. Takardar ba ta ɗage dokar ƙarfe goma ba, amma tana sauƙaƙa zuciya ƙwarai, in ka haɗa da farantin cincin ko dubulan ga na ƙasanka ma ya fi. Taron da ya wuce mutum goma sha biyar ko ashirin, gaskiya ɗakin haya ba wurinsa ba ne. Masallatai da ƙungiyoyi da majami'u da yawa suna ba da hayar zaure, a haɗa kuɗi a kama.

Kukan jariri da wasan yara na yau da kullum daban ne. Kotunan Jamus sun sha yanke cewa dole maƙwabta su haƙura da shi, saboda haka kada uwa ta tsorata don jaririnta ya yi kuka da dare. Ƙwallo a falo da ƙarfe goma sha ɗaya ne ba ya cikin wannan rangwame.

Mataki na uku: shara da warin girki

Shara ana rarraba ta. A yawancin garuruwa shuɗin mazubi na takarda da kwali ne, rawaya na robobi da gwangwanayen da aka zuba kaya a ciki, ruwan ƙasa na ɓawon kayan miya da ragowar abinci, baƙi ko toka-toka na sauran. Launukan sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, ka duba rubutun jikinsu. Kwalabe ana kai su manyan mazubai na unguwa, fari daban, kore daban, ruwan ƙasa daban, kuma ba a jefa su da dare ko ranar Lahadi saboda ƙara. Robar ruwa da gwangwanin lemo masu alamar Pfand ana mayar da su injin kanti a karɓi santi 25 a kan kowanne. Tsohuwar katifa ko kujera ba a jingine ta a bakin titi, ana kiran hukumar shara ta gari a sa rana.

Dalilin da ya sa maƙwabta ke zafi a kan wannan shi ne kuɗi. In aka cakuɗa, masu kwasa suna iya ƙin ɗauka, ƙarin kuɗin kuma a raba shi kan duk masu haya. Kuskurenka daga aljihun tsohuwar da ke hawa na uku zai fita.

Girkinmu babu abin kunya a cikinsa, kada kowa ya sa ka bar daddawa ko bandar kifi. Sai dai in za ka soya manja ko attaruhu, rufe ƙofar kicin, buɗe taga, kada ka buɗe ƙofar gida don hayaƙi ya fita ta matattakala. Haka turaren wuta: na'urar gano hayaƙi da ke manne a rufi tana iya tashi, kuma cire ta ba dabara ba ce. Ka saba buɗe tagogi gaba ɗaya na minti biyar zuwa goma, safe da yamma, ko da sanyi ake. In ba haka ba laima ta kama bango ya yi baƙi, ranar tashi mai gida ya riƙe kuɗin ajiyarka, wanda ke iya kaiwa hayar wata uku.

Mataki na huɗu: lokaci, da faɗin a'a

In an ce ƙarfe tara, ka isa tara saura biyar. Ka ga za ka makara ko da minti goma ne, kira. Ba za ka iya zuwa ba, soke tun da wuri, domin wasu likitoci suna cajin wanda ya ƙi zuwa bai sanar ba, kuma gurbin da ka ɓata wani ya yi makonni yana jiransa. Gidan mutum ba a zuwa sai an yi alƙawari. In an gayyace ka kai kaɗai, kada ka zo da abokai biyu, an ƙirga kujeru an ƙirga nama. Riƙe 'yar kyauta, fure ko cakulan, ka tambaya a bakin ƙofa ko za ka cire takalmi, ka kuma faɗa tun ranar gayyata cewa ba ka cin alade ba ka shan giya. Za su ji daɗin sani da wuri.

Abin da ya fi yi mana wuya shi ne a'a. Mu kunya ke sa mu ce "to", ko "sai na gani", alhali mun san ba za mu yi ba, mai sauraro a gida kuma ya gane. Bajamushe ba ya ganewa. Ya ji "to" ya rubuta a kalandarsa. In ba ka zo ba, ba zai ce ka yi kawaici ba, zai ce ba ka da alƙawari, kuma wannan tabo yana daɗewa a wurin aiki. Ka koyi cewa "ba zan iya ba" da fuska a sake. Su ma haka za su faɗa maka aikinka bai yi ba, a gaban mutane, ba kwana-kwana. Yana da ciwo a farko, amma galibi a kan aikin maganar take, gobe za ka ga mutumin yana yi maka tayin kofi.

Mataki na biyar: gaisuwa da wurin aiki

Babba, da wanda ba ka sani ba, da ma'aikacin hukuma, ana ce musu Sie, wato "ku" ta girmamawa, a kira su Herr ko Frau (Malam ko Malama) da sunan iyali, har sai su suka ce a sauko zuwa du, wato "kai" ko "ke". Ana gaisuwa in an shiga ɗakin jiran likita ko ƙaramin shago: Guten Tag ko'ina, Moin a Hamburg, Grüß Gott a Bavariya. Kalli idon mai yi maka magana. Sunkuyar da kai da muka koya a gaban manya, a nan ana iya ɗaukarsa ɓoye wani abu. Kada ka tambayi albashi, ko shekarun mace, ko me ya sa ba ta haihu ba, kada ka ce wa mutum ya yi ƙiba da nufin yabo.

Batun musafaha tsakanin namiji da mace yana buƙatar tunani tun kafin ka shiga ɗakin. In aƙidarka ba ta yarda da shi ba, abin da ya fi muni shi ne ka bi maza ɗaya bayan ɗaya kana miƙa hannu, ka zo kan macen ka tsallake ta, ita kuwa wataƙila ita ce shugabar wurin. Gara ka gaida kowa iri ɗaya, hannu a ƙirji da murmushi, in an nemi bayani ka yi shi a jimla ɗaya.

Salla a wurin aiki, yi magana da shugabanka ka haɗa ta da hutun da ake ba ka, kada ka riƙa ɓacewa ba labari. In ka yi alwala a banɗakin ofis, goge ruwan da ya zuba a ƙasa da bakin kwamin wanke hannu kafin ka fita, butarka ko robarka kuma ka tafi da ita. Wanda ya shigo bayanka ya taka ruwa, ba kai kaɗai zai zarga ba, Musulmi zai ce.

Mataki na shida: titi, jirgi, kanti

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Kada ka yi tafiya a kan hanyar keke. Kada ka tsallaka titi fitila tana ja, musamman a gaban yara. Bari masu sauka su sauka kafin ka shiga. Waya a jirgi da murya ƙasa-ƙasa, jaka a cinya in wurin ya cika. Shiga ba tikiti tarar Yuro 60 ce, maimaitawa kuma na iya kaiwa kotu, abin da mai neman takardar zama ba ya so a tarihinsa. Ba a tofar da yawu a hanya. A kanti, ka kwashe kayanka da sauri, mai karɓar kuɗi ba ta jira. Kada ka ɗauki hoton mutane ko 'ya'yansu ka ɗora a TikTok ba izini, naɗar muryar mutum a ɓoye laifi ne a doka, haka zagi, ko da da yatsa ne. Wasa da gaisuwar 'yan Nazi ko musun kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa yana kai mutum gaban alƙali.

Mataki na bakwai: yara da layya

Tun shekarar 2000 doka ta hana dukan yaro, har iyayensa. Mari a tashar bas ko ihu mai tsanani a kan yaro yana iya sa wani ya kira hukumar kula da yara, Jugendamt. Makaranta tilas ce, ba a cire yaro mako guda kafin hutu don tikitin jirgi ya fi araha. Kuma yaron wani ba a tsawata masa ko a ɗauke shi don wasa yadda muke yi a gida.

Rago ba a yanka shi a banɗaki ko bayan gida. Dokar kare dabbobi ta tsananta a kan yanka, sai a mayankar da ke da izini. Mahautan Turkawa da Larabawa suna karɓar odar layya tun kafin Salla, da yawa kuma suna aika kuɗin gida a yanka a can.

Mataki na takwas: tsakaninmu

Wannan ya fi damuna fiye da duk na baya, domin rashin mutuncin da ya fi ƙona zuciyar baƙo sau da yawa daga ɗan'uwansa yake fitowa. A masallaci ko wurin taro za ka haɗu da 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Zangon Kumasi da Accra da 'yan Kamaru, harshe ɗaya, amma kowa da hanyar da ta kawo shi. Wani karatu, wani aure, wani ya ratso Agadas da Libiya da teku, ya ga abin da ba ya iya faɗa. Kada ka tambayi mutum wace irin takarda gare shi, ko ta yaya ya shigo, ko da wane suna aka san shi a ofis. In ya yarda da kai ya faɗa maka, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Labarin wane yana wanke-wanke a gidan abinci, ko wance aurenta ya mutu, kada ya isa gida ta bakinka, kada kuma ka ɗauki hotonsa da kayan aiki ka watsa. Mai digiri ya daina kallon na sansanin 'yan gudun hijira a wulaƙance, wanda ya shekara ashirin ya daina mai da sabon zuwa yaron aike, ko karɓar kuɗinsa a kan cika takardar da cibiyoyin ba da shawara irin na Caritas da Diakonie ke cikawa kyauta.

In ɗan'uwa ya sauke ka, ku yanke rana tun daren farko: mako nawa, me za ka riƙa kawowa. Ɗakin ba nasa ba ne, haya yake, kuma ajiye mutum na dogon lokaci ba da sanin mai gida ba yana iya jawo masa kora. Ruwan zafi da ɗumama ɗaki ana lissafa su a ƙarshen shekara, wankanka na rabin awa shi zai biya bayan ka tafi. Kada ka roƙi aron katin asibitinsa ko takardar shaidarsa, kada ka sa ya ji kunyar hana ka, ku biyun doka za ta kama. Bashi a rubuta shi ko da a saƙon waya ne, da ranar biya. Mai tafiya gida kuma kilo 23 ne jakarsa a yawancin jirage, tambaye shi kafin ka kawo saƙo, ka kawo shi a buɗe ya ga abin da ke ciki.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙo a bari: zama a jirgi ana zagin mutanen gari da Hausa, ana dariya, don an tabbata ba sa ji. Ko ba su ji kalmomin ba suna ganin ido da baki. Yaranmu da aka haifa a nan suna ji sarai, kuma malamansu da abokan wasansu ake zagi.

Mataki na tara: in kai aka yi wa

Wariya tana nan, ba a mafarki ba. Akwai mai gidan da zai ji sunanka ya ce an riga an kama ɗakin, akwai maƙwabcin da ko numfashi ka yi zai kai ƙara. Kiyaye ladabi ba ya nufin haɗiye zalunci. Amma kada ka rama da ihu ko zagi ko ɗaga hannu, nan take laifin zai koma kanka. Rubuta abin da ya faru, rana da lokaci da wanda ya gani. Wasiƙar gargaɗi daga mai gida ba a jefa ta a aljihun tebur, ana amsa ta a rubuce, kuma ƙungiyar masu haya ta garinku, Mieterverein, tana duba irin waɗannan wasiƙu ga mambobinta a kan kuɗi kaɗan. Dokar hana wariya ta 2006 ta shafi aiki da haya da kasuwanci, akwai kuma ofishin tarayya a Berlin mai ba da shawara a kanta kyauta. Ka hanzarta, domin wa'adin gabatar da koke a ƙarƙashin dokar wata biyu ne kawai. In an yi maka barazana ko an taɓa jikinka, lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana kuma 112.